Ɗana, Ka Riga Yaronka Zuwa Bakin Ruwa

Ɗana, daga tsakiyar watan Maris har zuwa saukar ruwan fari, kusan kowane gida mai ƙananan yara a ƙasar nan rigima ɗaya yake fama da ita. Rana ta take, ma'aunin zafi ya haura 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai da Damagaram, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, ƙurajen zafi sun feso wa yaro a wuya da gadon baya. Babba zai jiƙa tawul ya yafa, ya kwanta a gindin darbejiya ya yi haƙuri har la'asar. Yaro bai san wannan haƙurin ba. Ruwa jikinsa yake nema, kuma zai same shi, da saninka ko ba da saninka ba.

Abin da yawancinmu muka iya shi ne tsawa. "Kada in sake jin an ce an gan ka a kududdufi!" Sai a haɗa da bulala. Mu ma haka iyayenmu suka yi mana, kuma hakan bai hana a ga yaran unguwa sun dawo da yamma idanu jajur, jiki ya yi furu-furu, suna neman man shafawa a ɓoye don kada fata ta tona musu asiri. Hanin ya koya wa yaro ɓoyewa, kuma yaron da ya tafi ruwa a ɓoye shi ne wanda babu babba a kusa da shi ranar da ƙafarsa za ta zame. Saboda haka nasihata gare ka ɗaya ce, sauran duk bayaninta ne: kai za ka nemo wa 'ya'yanka ruwan da za su yi wasa a ciki, ka je ka gan shi da idonka kafin su gan shi, ranar zuwa kuma ka tafi tare da su.

Mu fara da ruwan da yaro zai zaɓa wa kansa idan ka bar shi. Kududdufan cikin birni irin na Kano da Zariya da Katsina asalinsu ramuka ne da kakanni suka haƙa suna ɗibar ƙasar gini. Wanda ya haƙa rami don neman jar ƙasa bai yi tunanin ƙafar yaro ba. Nan ruwa iya gwiwa, taku biyu gaba ya shanye dogon mutum, ƙasan kuma laka ce mai riƙe ƙafa, ga fasassun kwalabe da duk abin da kwatocin unguwa suka kwararo. Yanzu an ƙara mana da ramukan masu haƙar yashi da waɗanda kamfanonin hanya suka ɗebi ƙasa suka tafi suka bari. A ƙauyukan noman rani kuwa, kamar yankin Kura da Kadawa da ke shan ruwan madatsar Tiga, hanyoyin ruwan da aka yi da kankare suna ruɗar yara. Ruwan ya fi na kududdufi kyan gani, amma yana gudu, bangon kuma gangare ne mai gansakuka, wanda ya faɗa ba shi da abin kamawa. Ka saurari sanarwar 'yan kwana-kwana a rediyo cikin bazara da damina, ka ji sau nawa ake cewa an ciro yaro daga kududdufi ko rijiya an miƙa wa mai unguwa.

Wanda ya fito da rai ma ba lallai ya fito shi kaɗai ba. Tsargiya a irin wannan ruwan take. Wasu ƙananan katantanwa ne ke goyon tsutsar, su sake ta cikin ruwa, ta huda fatar yaro ba tare da ya ji komai ba sai ɗan ƙaiƙayi. Ta girma a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, ta yi ta zuba ƙwai, bayan 'yan watanni a ga jini a ƙarshen fitsari. A wasu garuruwan abin ya yi yawa har ana ɗaukar sa alamar yaro ya fara zama namiji. Wannan kuskure ne babba. Ciwo ne mai shanye jini, ya dakushe yaro a makaranta, in ya daɗe ya taɓa ƙoda da mafitsara, a 'ya'ya mata kuma ya taɓa al'aura da mahaifa. Nijeriya na sahun gaba a duniya wajen yawan masu ɗauke da shi. Maganinsa ƙwaya ce mai suna praziquantel, ana raba ta kyauta a makarantu a wurare da dama, amma yaron da ya sha magani yau ya koma ruwan gobe ya sake ɗauka.

To, ina za ka kai su?

Waɗanda Allah ya kai ƙasashen waje cikinku sun fi samun sauƙi, ko da yake na lura da yawa ba su san abin da ke bayan gidansu ba. A biranen Amurka da Kanada da wasu na Turai, hukumar gari tana gina wa ƙananan yara filin feshin ruwa a cikin lambunan shaƙatawa. Fili ne shimfiɗaɗɗe mai ɗan kaushi don kada a zame, ruwa na tsartuwa daga ƙasa, wani na zubowa daga bututu masu launi, wani bokiti ne a sama da ke cika ya kife a kan yara suna ihu. Hikimar abin ita ce ruwan ba ya taruwa, yana zuba yana zurarewa ta magudana, don haka babu zurfin da zai shanye kowa. Galibi kyauta ne, kuma ana buɗe su daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba. Hausawan da ke unguwar Bronx a New York su sani, hukumar lambunan birnin tana kunna irin wannan feshi a filayen wasan yara duk ranar da zafi ya kai kusan 27 a ma'aunin da muke amfani da shi. Mu nan idan zafi ya tsaya a 27 cikin watan Afrilu sai a ce yau an samu sanyi. A Landan akwai na dandalin Granary da ke King's Cross, inda ruwa ke tasowa ta ƙofofi sama da dubu. Nemansu ba wuya: sashen kula da lambuna na hukumar garinku yana da jerin sunayensu da lokutan buɗewa, taswirar Google Maps za ta nuna maka mafi kusa, matan masallacinku masu yara kuwa sun fi taswirar sanin wanda ke da inuwa da ban-ɗaki mai tsabta.

Amma kada rashin zurfi ya sa ka saki jiki. Irin wannan fili kashi biyu ne. Akwai wanda ruwan famfo ne ke fitowa ya wuce kwata abinsa. Akwai wanda ruwan ke komawa tankin ƙarƙashin ƙasa, a tace shi, a sa masa kulorin, injin ya sake turo shi. Na biyun ya fi tattalin ruwa, sai dai duk abin da ya wanko daga jikin yara ya koma tanki, lafiyar kowa kuma ta rataya a wuyan ma'aikacin da ke auna maganin. A watan Satumban 2021 wani yaro ɗan shekara uku ya rasu a birnin Arlington na jihar Teksas bayan ya yi wasa a irin wannan fili na hukuma. Wata ƙwayar halitta ce da ke rayuwa a ruwa mai ɗumi ta shiga masa ta hanci ta haura ƙwaƙwalwa. Da aka bincika, hukumar birnin da kanta ta ce ma'aikata ba sa auna ruwan a kai a kai yadda aka tsara. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, kada ya firgita ka. Na kawo shi ne don ka ga cewa ko a ƙasar da ake taƙama da tsari, sakacin mutum ɗaya ya isa. Abin da ya fi yawa shi ne gudawa. Akwai ƙwayar cutar da ake kira Cryptosporidium wadda kulorin ba ya kashe ta da wuri, tana iya yin fiye da mako guda a ruwan da aka sa wa magani daidai. Yaro mai famfas ya zauna a kan bututun feshi, ruwan ya wanke shi, wani yaron ya buɗe baki ya tara. Shi ke nan. Don haka yaron da cikinsa ke gudu a bar shi a gida, ko da ya yi kuka har muryarsa ta dishe. Haƙƙin 'ya'yan mutane ne. A hana yara shan ruwan da zama a kan bututu, a kai su ban-ɗaki duk bayan awa guda, a canza famfas nesa da wurin.

Mu da muke gida, abin da muke da shi ya fi karkata ga kwamin wanka na otal-otal, da na wasu kulob da makarantu masu zaman kansu, da wuraren wasan yara da ake ta buɗewa a Abuja da Kano da Kaduna da Yamai, waɗanda wasunsu suka ware ɓangaren ruwa. Hoton da za ka gani a Facebook ko a sitatus ɗin WhatsApp an ɗauke shi ne ranar da aka buɗe wurin, fenti bai bushe ba. Ka tambayi wanda ya kai 'ya'yansa a cikin watan nan. Ka tambayi malamar ajin ɗanka, domin makarantu na kai yara yawon buɗe ido kuma malamai sun san inda aka wahala. In kana da sani da nas ko mai kemis a unguwar da wurin yake, tambaye shi ko yara na zuwa da ciwon ido da kunne da gudawa bayan hutu.

Sa'an nan ka je kai kaɗai, ba tare da yara ba. A nan ne yawancin iyaye ke yin kasala, kuma a nan ne duk aikin yake. Idan ka zo da yara sun riga sun cire takalma suna tsalle a bakin ƙofa, ka biya kuɗin mota, ka biya na shiga, babu abin da za ka gani da zai sa ka juya. Kai kaɗai kuwa idonka naka ne.

Ka tsaya a bakin kwamin ta wajen da ya fi zurfi, ka duba ƙasa. Dole ka ga tayil ɗin ƙasan da murfin magudanar ruwa sarai. Idan ruwan ya yi hazo-hazo kamar an ɗiga masa madara, ko ya ja kore, ka yi musu sallama. Ba maganar ƙazanta kaɗai ba ce, yaron da ya nutse a ruwa mai duhu ba a ganin sa. Ka tsuguna ka shafa bangon ciki da hannu; in ka ji santsi kamar yauƙi, ba a kula da wurin. Ka shaƙi iskar. Mutanenmu idan suka ji warin magani ya bugi hanci sai su ce wurin nan akwai tsabta. Akasin haka ne. Wannan warin mai sa hawaye yana tashi ne idan kulorin ya haɗu da fitsari da gumi, kuma alama ce ta cewa maganin ya ƙare a yaƙi da datti. Ruwan da ake kula da shi warinsa kaɗan ne. Ka kasa kunne ko injin tace ruwa yana aiki, ka tambaya me ake yi idan an ɗauke wuta. Ka nemi a kira maka mai kula da ruwan, ka ce ya auna a gabanka. Akwai 'yar kwalba ko 'yar takarda mai canza launi da ake yi da ita, aikin minti ɗaya ne. Wanda ya san aikinsa zai yi murna an tambaye shi. Wanda ya ce maka abin awon yana wurin manaja, manaja kuma ya fita, ya riga ya ba ka amsa.

Daga nan ka zaga. Murfin magudana ya fashe ko babu shi? Injin yana zuƙo ruwa ta nan da ƙarfin da zai riƙe gashin yarinya ko hannun yaro, har babba ya kasa ɓamɓare shi. A Amurka sai da aka yi doka ta musamman a 2007 a kan irin murfin da za a riƙa sawa. Ka duba wayoyin lantarki: fitilar cikin ruwa, wayar da aka ja daga janareta zuwa lasifikar mai kiɗa, soket a ƙasa kusa da inda ruwa ke fantsama. Ɓangaren yara a raba yake da na manya da shinge, ko kuwa igiya ce kawai, ko ma babu komai? An rubuta zurfin kowane gefe? Wa ke gadin masu wanka, kuma ya iya iyo? Kada ka ji kunyar wannan tambayar. Na taɓa ganin wurin da mai ceton shi ne mai karɓar tikiti, shi ne kuma mai kawo lemo.

Ka duba wurin canza kaya, ko yana da ƙofa mai sakata, ko na mata daban yake. Ka lura da irin mutanen da ke zuwa da irin abin da ake yi a bakin ruwan, domin wurin da ya dace da iyali da hantsi yakan koma wani abu dabam bayan magariba. Ka tambaya ko suna ware wa mata da yara lokaci, ko iyalai biyu uku za su iya haɗa kuɗi su kama wurin na awa biyu da safe. Da yawa za su yarda, domin lokacin babu ciniki. Wannan ya fi wa uwar yara sakewa, kuma uwa da ta saki jiki ta shiga ruwa da ɗanta ta fi wadda ke zaune can nesa cikin mayafi tana leƙe.

Kada ka zaɓi ranar Sallah ko washegarinta. Na san ita ce ranar fita, an yi sabon ɗinki, an je gidan zu, ana son a ƙarasa da wanka. Amma ka taɓa tsayawa ka kalli kwamin otal a irin wannan rana? Kan yara ya rufe ruwan, kiɗa na tashi ba a jin maganar na kusa, samari na dirowa daga gefe a kan duk wanda ke ƙasa. Iyaye maza na ƙarƙashin rumfa, kowa ya sunkuya a kan waya, uwaye na raba shinkafa a robobi, kowa na ganin ai ga mutane nan da yawa, wani zai gani. A cikin wannan taron ne yaro ke tafiya. Fina-finai sun koya mana cewa mai nutsewa yana ihu yana ɗaga hannu. Ƙaramin yaro ba ya yin ko ɗaya. Bakinsa na shiga ruwa yana fitowa, ɗan abin da ya samu na iska bai ishe shi numfashi ba balle kira, hannuwansa na danna ruwa a gefe, kansa ya ɗan karkata baya. Wanda ke kusa zai ɗauka wasa yake. Cikin ƙasa da minti guda ya yi ƙasa, bayan minti huɗu zuwa shida ba iska ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a ƙarshen 2024, ta ƙiyasta mutum 300,000 ne ruwa ya ci a shekarar 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma idan aka auna da yawan jama'a Afirka ce ta fi kowane yanki. A Amurka, da duk masu cetonsu da dokokinsu, nutsewa ce kan gaba wajen kashe yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu. Tun 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli don tunatar da mutane wannan.

Dokar da zan ba ka mai sauƙi ce a faɗa. Duk yaron da bai kai shekara biyar ba, ko bai iya iyo ba, kada ya yi nisan da hannunka ba zai kai gare shi ba. Ma'ana kai ma kana cikin ruwan, wando a naɗe, waya a cikin jaka. Idan ku da yawa ne, a ambaci sunan mutum ɗaya a ce kai ne mai ido yanzu, ba hira, ba ci, ba amsa kira. Bayan kwata ɗin awa ya miƙa wa wani baki da baki. Idan lokacin salla ya yi, a fito da yaran gaba ɗaya, a yi salla, a koma. Kuma ke 'yata, uwar yaran, kada ki ɗora wa yayarsu 'yar shekara goma wannan nauyin. Na san ita ke goyon ƙaninta a gida, ita ke masa wanka. Amma ita ma yarinya ce, ruwa ya ɗauke mata hankali kamar kowa, in kuma wani abu ya faru kin bar mata tabon da za ta mutu da shi.

Robobin hurawa da ake saya a kasuwa, na damtse da mai siffar agwagwa da tsohon tub na taya, kayan wasa ne. Suna sacewa, suna suɓucewa, suna kifar da yaro kansa a ƙasa, kuma babban laifinsu shi ne suna sa uba ya ga kamar ya gama aikinsa. Abin dogaro shi ne rigar ceto ta gaske, daidai nauyin yaron, mai maɗauri da ke bi ta tsakanin cinyoyi. Ka ɗaura masa ka kama kafaɗun rigar ka ɗaga. In ta haura kunnuwansa ta yi masa yawa.

Masu hali da ke kai iyali Dubai hutu za su ga manyan wuraren wasan ruwa irin su Wild Wadi da Aquaventure, a Abu Dhabi kuma Yas Waterworld. A can akwai masu ceto ko'ina, akwai rigunan ceto, akwai ɓangaren ƙanana. Suna da sandar awon tsawo a ƙofar manyan abubuwan zamiya, yawanci mita 1.1 ko 1.2. Kada ka tsaya roƙon ma'aikaci ya yi maka alfarma don ɗanka ya gaza da yatsa biyu, wannan halin namu a bar shi a filin jirgi. Ka fi sa ido a kwamin da ke yin igiyar ruwa, domin a nan ne ake cunkushewa, igiya ta raba yaro da hannun babansa.

A gida ma Allah ya yi mana namu. Ruwan Wikki da ke Yankari a jihar Bauchi garai-garai yake, kana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa kusan 31 dare da rana, rani da damina. Wajen da yake ɓuɓɓugowa daga gindin dutse yana da zurfi, ƙanana sai can ƙasa inda ya baje. Ka riƙe jakar abincinka da kyau, birai sun fi ka sauri. Gurara a jihar Neja wurin kallo ne. Da damina ko ƙafa kada yaro ya sa, duwatsun santsi gare su, ruwan kuma ba ya ba da shawara.

Yara biyu suna bukatar kulawa ta daban. Mai sikila ruwan sanyi na iya tayar masa da ciwo, don haka kada ya daɗe, a tsane shi da tawul nan take, a sa masa busassun kaya, a ba shi ruwan sha sosai. Mai farfaɗiya kuwa ko a baho ba a barin sa shi kaɗai. Kowa da kowa kuma a fita da hantsi ko bayan la'asar. Tsakar rana siminti da ƙarfen zamiya suna ƙona tafin ƙafa da cinya, kuma yaro na cikin ruwa ƙishirwa na cin sa bai sani ba.

Watakila ka ce, Baba, duk wannan maganar masu kuɗi ce, ni kuɗin shiga na yara biyar ya fi cefanen mako. Gaskiyarka. Amma abin da Turawa suka kashe miliyoyi suka gina, ainihinsa ruwa ne mai zuba a kan yaro ba tare da ya taru ba, kuma tsakar gidanka ta isa. Jarka biyu daga mai garuwa, gorar roba da aka huda da ƙusa, buta, kofuna, tiyo in akwai famfo. Ka shimfiɗa buhu don santsi, ka tsaya kai ne mai feshin, ka ga yadda gidan zai kaure da dariya. In baho za a sa, ruwan kada ya wuce idon sawu. Idan daga rafi ko dam aka ɗebo, a bar shi ya kwana biyu a duro mai murfi, tsutsar tsargiya ba ta wuce haka da rai. Ana gamawa a juye a gindin zogale, a kife bahon.

Wannan kifewar kada ka raina ta. Mai rarrafe da mai koyon tafiya kansu na da nauyi, yana rinjayar jikinsu; ya leƙa bokitin wanki ya kifa ciki, ba zai iya ɗagowa ba, kuma ruwan da bai kai tsawon yatsa ba ya isa. Bokiti, duro, randa, rijiya marar murfi, ramin sokawe da aka bari a buɗe, tankin ƙasa na gidan da ake gini a maƙwabta: waɗannan sun fi kowane kwamin otal kusa da ɗanka. A Bangladesh, inda ruwa ke cin ƙananan yara fiye da kowace cuta, an gano yawanci abin na faruwa ne 'yan taku kaɗan daga gida, tsakanin hantsi da azahar, lokacin da uwa ke tsakiyar aiki. Sai aka riƙa tara yaran unguwa a ɗakin mace ɗaya tana kula da su a waɗannan awoyin, mace-macen suka ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 a tsakanin yaran da ke zuwa. Babu abin da zai hana matan layinku yin haka, karɓa-karɓa.

In kuma ƙaddara ta faɗa, Allah ya kiyaye, ka san abin yi. Mun saba a ɗaga yaro a juya kansa ƙasa, ko a yi ta danna masa ciki wai ruwa ya fito. Ɓata lokaci ne, kuma yana jawo amai ya toshe hanyar iska. Iska yake bukata. Ka kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, ka ɗan ɗaga haɓarsa, in ba ya numfashi ka toshe hancinsa ka hura masa a baki har ka ga ƙirji ya taso, sa'an nan ka danna tsakiyar ƙirji sau 30 da sauri, ka hura sau biyu, ka ci gaba a haka ba tsayawa, wani kuma ya nemo mota ko ya kira 112 a Nijeriya, 18 a Nijar. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti, domin huhu kan rikice bayan wasu awoyi. Karantawa a takarda ba ta isa ba. Ƙungiyar Red Cross na koyar da wannan a aikace, ku haɗu ku goma a unguwa ku nemi a zo a nuna muku.

Daga shekara shida kuma a koya musu iyo, a hannun wanda ya iya kuma ka yarda da tarbiyyarsa. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya yi umarni a koya wa yara iyo, mu kuwa mun bar wa 'ya'yan Sarkawa da na bakin kogi. Kowace damina muna jin jirgin kwale-kwale ya kife a Neja ko Kebbi ko Sakkwato, kuma mata da yara ne suka fi yawa a cikin waɗanda ake binnewa. Saboda haka idan ka tashi biyan kuɗin koyo, ka nemo mace mai koyarwa, ka rubuta sunayen 'ya'yanka mata tare da na mazan. Allah ya raya mana su.